Ƙafafun da Suka Yi Ƙyalli

Shekara talatin da takwas Mai Rediyo ya yi a shago guda, a kan benci guda, kuma in ka zauna da shi minti goma sai ya gaya maka cewa bai taɓa kashe kayan mutum ba. Irin tsofaffin masu sana'ar nan ne da ba sa yaba aikin kowa sai sun juya shi sun duba bayansa. Yanzu kam kasuwa ta ja baya. Mutane sun koma jin labarai a waya, rediyon da ya lalace kuma sai a tura shi bayan kabad a manta da shi. Wata rana sai ya wuni bai kwance ko sukuru ɗaya ba, yana goge bencin da ba abin da ya ɓata shi.

Ɗakin bayan shagon ya bar wa 'yarsa. Ita ce ta yi karatun lantarki mai zurfi, shi ya sa yake ce mata Injiniya. Da tsokana ya fara, sunan ya bi ta har uwarta ma ta ɗauka. Da safe tana koyarwa a wata makaranta, da rana ta zo ɗakin nan ita da abokin aikinta, wani siririn magidanci mai sanyin magana da ake kira Mai Tabarau. Ita ke haɗa allon lantarki da wayoyi, shi ke rubuta wa na'ura umarni a kwamfuta. Shekara uku ke nan suna aiki tare ba a taɓa jin kansu ba. Mai Rediyo yana son mutumin, ba don komai ba sai don yakan tsaya a bakin benci ya ɗauki rediyon da aka buɗe, ya ce, "Baba, liƙin nan naka ko a cikin dubu zan gane shi." Tsoho kuwa in kana son ka saye shi, to yabi hannunsa.

Aikin da ke gabansu na wata mai gidan kaji ne. Tana son na'urar da za ta kula da akwatin ƙyanƙyasar ƙwai: ta auna zafi, ta kunna fanka, ta juya ƙwai a kan lokaci. Allo goma sha biyu za su haɗa, ranar Alhamis za ta zo ta ga gwaji. A tsakiyar kowane allo akwai wani ɗan baƙin abu da bai kai faɗin farcen babban yatsa ba, da ƙafafu talatin da biyu jere a gefunansa. Aisi suke ce masa, shi ne ƙwaƙwalwar na'urar. Kowace ƙafa da aikinta, wannan ta karɓi labarin zafi, waccan ta ba fanka umarni. In ƙafa ɗaya ta mutu, aikinta ya tafi ke nan, sai an cire aisin ɗungurungum an sa sabo.

Wata safiya Mai Rediyo ya shiga ɗakin don ya buɗe taga. Allunan suna kan tebur a jone da kwamfuta, domin haka Injiniya ke barinsu su kwana suna auna zafi. Da ya buɗe tagar ya fita, da ba a yi wannan labari ba. Amma hannun da ya saba ba ya wuce allo bai ɗaga ba. Ya sa madubin ƙara girma a ido, ya duba inda aka liƙa ƙafafun aisin da dalma. Liƙin duk ya yi toka-toka, babu ƙyalli ko kaɗan.

A wurinsa wannan abin kunya ne. Shi ya koya mata riƙe ƙarfen narka dalma tun tana 'yar shekara tara, kuma abin da ya fara gaya mata shi ne liƙi mai kyau sai ya yi ƙyalli. Ashe duk karatun nan hannunta ya lalace. Ya yi tunanin ya yi mata magana, sai ya tuna Mai Tabarau zai ji, kuma ba ya son ya rage mata daraja a gaban abokin aiki. Ya ce a ransa, mene ne amfanin uba in ba ya rufe irin wannan ba.

Ya koma shago ya ɗauko nasa ƙarfen. Tsoho yake ce masa. Mariƙinsa na katako ne da ya yi baƙi saboda gumi, bakinsa kuma ya sha guga har ya yi tsini. Yana da wani ɗan hali: in ka taɓa jikinsa ba takalmi a ƙafarka, sai ka ji ɗan cizo a yatsa. Mai Rediyo ya saba da wannan tun tuni, har yakan ce gaisuwa ce. Ya jona shi, ya jira ya yi zafi, ya bi ƙafafu biyar ko shida na gefen da idonsa ke iya gani, ya sake liƙa su da tasa dalmar. Bai ko cire allon daga jikin kwamfuta ba. Suka fito suna walƙiya. Ya mayar da komai yadda ya same shi, ya fita yana jin daɗin da ya daɗe bai ji irinsa ba.

Da rana fanka ta ƙi tashi a wannan allon. Washegari wani allon ya daina jin zafi. Kafin mako ya ƙare aisi bakwai sun tafi kwandon shara, kuma ba ƙafa ɗaya ce ke mutuwa ba balle a ce ga inda matsalar take.

Ranar Asabar Injiniya ta fito shago da kwanon abincinta, ta zauna a kan kujerar masu jiran gyara, ta kasa ci.

"Baba, ƙafar aisi ba ta mutuwa haka kawai," in ji ta. "Abubuwan da ke kashe ta sanannu ne. Ko dai a ba ta wutar da ta fi ƙarfinta, don volt uku da 'yan kai take ɗauka, in ka ba ta biyar ka gama da ita. Ko a ɗora mata kayan da ya fi ƙarfinta, kamar a ce ita za ta ja injin juya ƙwai kai tsaye. Ko wutar da ke dawowa da baya lokacin da injin ya tsaya. Ko wutar jikin mutum, irin wadda kake ji in ka cire riga ta yi ƙas-ƙas. Duk na bi su ɗaya bayan ɗaya. Na auna, na sa kariya, ga igiyar zubar da wutar jiki nan ina ɗaurawa a hannu kamar fursuna."

"Saura me?"

"Saura umarnin da ake rubutawa. In aka yi kuskure aka ce wa ƙafar da ya kamata ta saurara ta tura wuta, sai ta yi karo da wata, su ƙone. Mai Tabarau kuma ya ce ya duba sau uku babu."

Mai Rediyo ya gyaɗa kai irin na wanda ya san abin da yara ba su sani ba. "A dai riƙa lura da liƙi," ya ce.

"Liƙina lafiya lau yake, Baba."

Tausayinta ya kama shi, don haka ranar Litinin da sassafe ya shiga ya gyara mata allo uku maimakon ɗaya.

Ranar ce abin ya fashe. Yana zaune a benci da wani tsohon rediyo a hannu, ƙofar ɗakin a buɗe, ya ji muryar Injiniya ta canja.

"Wa ya taɓa allon nan?"

"Wane irin taɓawa?" in ji Mai Tabarau.

"Zo ka duba a madubi. Ƙafafun nan shida suna ƙyalli. Dalmata ba ta ƙyalli. Irin ta yanzu ce, marar guba, haka take bushewa toka-toka ko liƙin ya fi kowanne kyau. Wannan wata dalma ce daban. Kuma ga shi, duk ƙafar da ta mutu tana cikin masu ƙyallin."

Hannun Mai Rediyo ya tsaya a kan rediyon. Shekara nawa yana sana'a, bai taɓa jin akwai dalmar da ba ta ƙyalli ba.

Ta gefen ido ya hango Mai Tabarau ya sunkuya a kan madubin, ya daɗe yana kallo. Da ya ɗago sai ya waiga wajen ƙofa sau ɗaya, ya mayar da kansa.

"Ba ni ba ne," ya ce.

"To wane ne? Mu biyu ke aiki a ɗakin nan. Ni da safe ina makaranta, kai kana da makulli."

"Na ce miki ba ni ba ne."

"In kuskure ka yi a umarni, ƙafa ta ƙone, ka zo kana laluben gyara a ɓoye, ai sai ka faɗa. Mako guda ina zargin kaina. Mako guda ba na barci, ina cewa ko karatun ne ban iya ba."

"Kina nufin ƙarya nake yi miki?"

"Ban ce ba. Allon ne ya ce."

A nan ne ya kamata Mai Rediyo ya tashi. Taku huɗu ne tsakaninsa da ƙofar. Ya ajiye rediyon, ya dafa benci, sai wata murya a ransa ta ce masa ai ƙyalli ba ya kashe ƙafa, gyara ka yi ba ɓarna ba, bari su huce tukuna. Ya sake ɗaukar rediyon ya shiga murɗa wani sukuru da yake a ɗaure tuntuni.

Mai Tabarau ya naɗe wayar kwamfutarsa ta hannu, ya sa a jaka, ya ajiye makulli a kan tebur. Da ya zo wucewa ta shago sai ya tsaya, ya ɗan rusuna kamar yadda ya saba.

"Baba, a tashi lafiya."

"Allah ya sa," in ji Mai Rediyo, idonsa a kan sukuru.

Da la'asar, bayan Injiniya ta tafi gida, ya jawo ƙofar shago ya jona Tsoho. So yake ya wanke kansa, ya tabbatar cewa ba daga wajensa ba ne. Ya ɗauki testa, ɗan sukuddireban nan mai ƙwan fitila a ciki, ya taɓa bakin ƙarfen. Ƙwan ya kawo ja. Ya ce wannan ba hujja ba ce, testa ko iska ta hura sai ta kawo. Ya ɗauko mitar auna wuta, ya sa baki ɗaya a kan ƙarfen, ɗaya a jikin kwamfutar ɗakin baya. Allurar ta tashi ta wuce sittin ta tsaya.

Volt sittin, a kan abin da 'yarsa ta ce biyar ma ta fi ƙarfinsa.

Ya kwance filogin Tsoho. Wayar ƙasa, wadda aikinta shi ne ta kwashe wutar da ta yoyo ta zubar, tana nan a yanke, an lanƙwasa ta baya an naɗe da baƙin salatif tsaf. Aikin hannunsa ne, ya gane shi. Fiye da shekara ashirin da suka wuce haƙori na uku na filogin ya karye, akwai mai jiran gyara a tsaye, sai ya yanke wayar ya ce gobe zai sayi sabo. Tsofaffin rediyoyi ba su taɓa damuwa ba, kayan cikinsu manya ne masu juriya. Cizon da yake kira gaisuwa, shi ne ke bi ta ƙafar aisi ya wuce ta kwamfuta zuwa ƙasa. Ya zauna da filogin a tafin hannu har aka fara rufe shagunan layin.

A gida matarsa ta kawo abinci, ta zauna tana ba shi labarin da ya riga ya sani.

"Injiniya ta shigo idonta jawur. Ni wallahi mutumin nan ban zace shi da haka ba. Kana ganinsa shiru-shiru, ashe akwai rufa-rufa. Malam, ba ka ci ba."

"Na ƙoshi."

"Ko kai za ka yi masa magana? Yana jin nauyinka."

Ya ture kwanon ya ce kansa ke ciwo. Ba ƙarya ya yi ba.

Da gari ya waye sai ya ga hanya mai sauƙi a gabansa, kuma sai da ya bi ta, don kada a ce an yi masa ƙarin kirki a labarin nan. Ya naɗe Tsoho a tsumma ya cusa shi ƙarƙashin benci, bayan gwangwanayen tsofaffin sukurori. Bai shiga ɗakin baya ba, ko tagar bai buɗe ba. Ya ce tun da ya daina, ƙafafu za su daina mutuwa, aiki zai yi kyau, mai gidan kaji za ta zo ta gani ta yaba. Su kuma yaran za su shirya da kansu, ai ba yau aka fara saɓani ba.

Injiniya ta zo da rana ita kaɗai. Ta sa sababbin aisi a jiya kafin ta tafi, yau ta bi allunan ɗaya bayan ɗaya. Yana jin fanka tana tashi tana tsayawa, yana jin injin juya ƙwai yana ƙara. Bayan kamar awa biyu ta fito ta tsaya a bakin ƙofa. Ba murna a fuskarta, gajiya ce kawai.

"Ka gani, Baba? Daga tafiyarsa ko ƙafa ɗaya ba ta mutu ba."

Ya ɗago ya dube ta.

"Jiya har na fara cewa ko na yi masa rashin adalci," ta ce. "Na kusa kiransa in ba shi haƙuri. Yanzu kam na samu tabbaci. Shekara uku. In mutum zai iya kallon idona ya ce ba shi ba ne a kan wannan, me kuma ya ɓoye mini a baya? Zan gaya wa mai gidan kaji cewa ni kaɗai zan ƙarasa. Ita ce ma take shirin haɗa shi da wasu masu gidajen kaji, gara ta san irin wanda za ta haɗa su da shi."

Sai a lokacin Mai Rediyo ya ga abin da shirunsa ya yi. Jiya zargi ne kawai a kan mutumin. Yau, da ya ɓoye ƙarfen ya zauna, shi ya kawo shaidar da ta kama shi. Kunya ta rufe shi tun daga wuya har fatar kai, irin wadda bai ji ba tun yana ɗan koyo.

Ya durƙusa da ƙyar, gwiwoyinsa suna ƙara, ya ture gwangwanayen ya jawo tsumman. Ya wuce ta gabanta ya shiga ɗakin baya, ya jona Tsoho a soket, ya miƙa mata mitarta.

"Auna bakinsa da jikin kwamfuta."

"Baba, me ya kawo wannan nan?"

"Auna dai."

Ta auna. Ta dubi lambar, ta sake aunawa. Sannan ta dubi tsinin bakin ƙarfen, ta dubi guntuwar dalmar da ke naɗe a mariƙinsa tana ƙyalli. Ya ga lokacin da ta gane, don hannunta ya sauka a hankali har mitar ta taɓa tebur.

"Na ga liƙinki bai yi ƙyalli ba," ya ce. Muryarsa ta fito ƙasa-ƙasa. "Na ɗauka hannunki ne ya lalace. Ban so ya gani ba. Kullum da safe nake shigowa."

"Jiya kana zaune a nan, Baba."

"Ina zaune."

Ba ta ƙara ba. Da ta yi faɗa da ya fi masa sauƙi, amma ba irin 'yar da ya haifa ke nan ba. Ta juya masa baya ta daɗe tana kallon taga, ta sa bakin mayafi ta goge fuska, sannan ta ɗauki wayarta ta kira Mai Tabarau. Sai da ta yi ƙara har ta kusa katsewa aka ɗauka.

"Ni ce," ta ce. "Na gano abin. Ba kai ba ne, ka yi haƙuri, na zalunce ka. Wani ƙarfen dalma ne a cikin kayanmu yake yoyon wuta. Laifina ne, ni ce ban auna kayan aikin ba."

Mai Rediyo ya tsaya yana jin yadda take jawo laifin tana rufa shi da shi, kamar yadda shi ma ya ce zai rufa mata. Kayanmu, in ji ta. Wannan ya fi komai yi masa ciwo. Ya miƙa hannu. Ta girgiza kai, ta matsa gefe. Bai janye hannun ba, har dai ta sa masa wayar a ciki.

"Ɗana, ni ne Mai Rediyo."

"Baba, ina wuni."

"Bar gaisuwar. Ba ita ba ce, ba kuma kayanku ba ne. Ƙarfena ne, hannuna ne. Ni na yi ta shiga ina taɓa muku aiki. Jiya ina ji ana ɗora maka, ka fito ka gaishe ni, na amsa na bar ka ka tafi. Ka yafe mini."

Yana jin hayaniyar yara a bayan mutumin, da ƙarar wata ƙofa da aka rufe.

"Baba, ai tun da na duba madubin na gane hannunka," in ji Mai Tabarau a hankali. "Ban ga yadda zan yi in faɗa mata ba ne, kana zaune a wurin. Na ce ko za ka taso."

Mai Rediyo ya mayar wa 'yarsa wayar, ya laluba kujera ya zauna. Tsoho yana nan a jone a gefen tebur, bakinsa ya fara hayaƙi. Ya sunkuya ya zare filogin da kansa.